Burodin Yaya

Daga Litinin zuwa Juma'a ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori. Ni ke rubuta sunan mai ciwo, in ba shi lamba, in ce ya zauna likita na zuwa. Idan ya fito dafe da kumatu, ni ke miƙa masa 'yar takardar nan da ke cewa a rage zaƙi, a riƙa goge baki safe da yamma. Ranar Asabar kuwa sai in saɓi jakata in tafi neman kek.

Ba wai na iya girki ba ne. A gidanmu kowa ya sani, shinkafata in ba ta caɓe ba to ta ƙone. Abin da Allah ya ba ni baki ne da ƙafa. Nakan hau motar haya in sauka inda ban taɓa sauka ba, in bi titi ina shinshine-shinshine kamar mage. In na ji ƙamshin gashi sai in shiga. In gidan abinci ne, nakan fara leƙawa in ga su wa ke ciki. Wurin da direbobi da masu ɗinki suka cika da rana ba ya ba da kunya. Ba na ɗaukar hoto, ba na rubuta komai a waya. In ci, in wanke hannu, in yi godiya, in kama hanyar gida. Ranar Litinin abokan aiki su tare ni da tambaya: "To, ina aka je wannan karon?" Har shi likitan, mai hana mutane sukari, yakan rage murya ya ce in sake kwatanta masa wurin da suke yin kek mai lemun tsami.

Inna takan ce, "Auta, kwaɗayi mabuɗin wahala."

Ni kuma in ce, "Inna, ni dai har yau ƙofar daɗi yake buɗe mini."

Yayana ya girme ni da shekara goma sha shida. Ina aji uku mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa har na gama. Shekara ashirin da shida ya yi a wata maɗaba'a yana kula da injin buga littattafai. Mutum ne na ma'auni. Ko kalanda zai rataya sai ya ɗauko rula. In ya ce ƙarfe huɗu zai zo, to saura minti biyu za ka ji sallamarsa. Da aka rufe maɗaba'ar, wata huɗu ya yi a gida yana gyara abin da bai lalace ba, har matarsa, wadda nake kira Anti, ta fara ɓoye masa sukurdireba.

Wata rana ya tara mu ya ce zai buɗe gidan burodi. Ya riga ya kama shago a kan titin da ke bayan kasuwar kayan gini, tsakanin mai wankin kaya da mai gyaran agogo. Ya sayi obin na hannu, wato na'urar gasa burodi, babba, mai hawa uku. Ya kalli bidiyo iri-iri a waya, ya cika littafi guda da lissafin fulawa da ruwa da yis da minti. Na tambaye shi me ya sa burodi. Ya ce, "Mutane sun daina karatu, amma ba su daina karin kumallo ba."

Ranar buɗewa duk muka je. Shagon tsaf, ko ƙurar fulawa babu a ƙasa. Burodi kala shida a jere a kan katako, kowane da 'yar takardarsa da Yaya ya rubuta da hannunsa mai kyau kamar bugun inji. Ga su nan kowane kala kai ɗaya, launi ɗaya, kamar sojoji. Ya yanka ɗaya ya rarraba mana. Inna ta ci ta sa albarka. Anti ta ce madalla. Mai gyaran agogo ya ce an gode, unguwa ta samu ci gaba.

Ni tun da na ɗaga yankin na ji nauyinsa na san akwai matsala. Cikinsa a cushe yake, ba ƙofofin iska. Yana warin yis, yana manne wa dasashi. Irin burodin da kafin la'asar zai zama abin jifa.

Yaya ya zagayo ya tsaya a gabana yana goge hannu da tawul. "Auta, ke ce mai baki a gidan nan. Yaya kika ji?"

Na dubi fuskarsa. Rabon da in ga idonsa da haske haka tun kafin a rufe maɗaba'a. Na haɗiye lomar da ƙyar na ce, "Ya yi, Yaya. Allah ya sa albarka."

Ya yi murmushi ya ce wa Anti, "Kin ji ko? Auta ta ce ya yi."

Mako uku ban taka shagon ba. Kullum da uzurina: aiki ya yi yawa, kaina na ciwo, ruwa ya tare ni. Har yawon Asabar ɗin ma ya daina yi mini daɗi. In na ci burodi mai laushi a wani wuri sai in tuna na Yaya, in ajiye sauran.

Wata Laraba da rana sai ga Anti a asibiti. Na zaci haƙori ne, har na jawo littafin rajista. Ta ce, "Ajiye alƙalamin nan, ƙanwar miji. Haƙorana lafiya lau, duk da irin aikin da suke sha a 'yan kwanakin nan."

Muka fita baranda. Ta ce mutane suna zuwa sau ɗaya, ba sa dawowa. Kullum rabin burodin sai ya kwana, shi ne abincinsu da safe, shi ne da dare, yara har sun fara cewa sun ƙoshi tun kafin a zuba shayi. Shi kuwa Yaya ya ɗora laifin a kan allon shago. Ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta, masu wucewa ba sa gani. Ya riga ya yi magana da mai fenti.

"To ki gaya masa mana," na ce.

"Ni? Shekara ashirin yana cin girkina bai taɓa cewa gishiri ya yi yawa ba, ko ranar da ni kaina na kasa ci. Da wane baki zan fara? Kuma ko na faɗa zai ce ai Auta ta ce ya yi. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance."

Gaskiyarta ce.

Ranar Juma'a da aka tashi aiki na bi ta shagon. Na same shi a kan tsani yana auna allon da tef. Ya sauko da fara'a, ya jawo mini kujera, ya ce zai yanko mini sabon gashi. Na ce ya bari, magana na zo da ita.

"Yaya, ranar nan ƙarya na yi maka. Burodin bai yi ba."

Ya tsaya da wuƙa a hannu. "Kamar yaya bai yi ba?"

"Yana da nauyi. Yana warin yis. In ya huce sai ya yi tauri. Ba allo ba ne matsalar, Yaya. Ko da fitila ka rubuta sunan shagon, wanda ya ci sau ɗaya ba zai dawo ba."

Ya ajiye wuƙar a hankali, ya daidaita ta da bakin tebur. Ya ce, "Komai a kan ma'auni nake yi. Ko giram ɗaya ba na ƙarawa."

"Na sani. Amma ba ma'auni ake ci ba."

"Ke da ko ƙwai ba ki iya dafawa ba, ke ce za ki koya mini aiki?"

"Ban iya ba. Ci kawai na iya, shi ya sa ka tambaye ni."

Ya ɗauki tef ɗinsa ya koma kan tsani. Na yi masa sai an jima, bai amsa ba. A cikin mota na yi ta share hawaye da gefen mayafi, wata mata da ke kusa da ni har ta ce in yi haƙuri, kowa can zai je. Ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Kwana takwas ba kira, ba saƙo daga Yaya. Inna ta kira ni ta ce me na yi wa yayana, na gaya mata. Ta ce, "To, ni dai da shayi nake jiƙa shi. Amma da kin bi a hankali."

Asabar ta biyu da safe ina ɗaura agogo na ji ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Yaya cikin kayansa na zuwa unguwa, takalmi a goge, da 'yar jaka a hannu. Bai shigo ba. Ya dubi agogonsa ya ce, "Ina za mu?"

"Mu?"

"Ba yau ne ranar yawon naki ba? Na rufe shago. Ina so in ga abin da ake ci a garin nan da har nawa bai yi ba."

Na fara kai shi wani babban gidan burodi mai gilashi da fitilu, inda ma'aikata ke sanye da fararen huluna. Muka sayi burodi ɗaya da kek yanki biyu muka zauna. Kafin in ankara Yaya ya zaro rula daga jaka yana auna tsayin burodin. Na ce, "Yaya, don Allah, ana kallonmu." Ya ce kallo ba ya kisa. Ya matsa shi da yatsa, ya ga ya dawo, ya rubuta wani abu a littafinsa. Ya ci ya ce, "Wannan ai iska ce aka naɗe a leda." Na ce na yarda, ni ma ba na cikin masu sonsa, amma ya dubi layin mutane. Ya duba. Kek ɗin kuwa ya cinye nasa ya taya ni nawa.

Da rana ta yi na ja shi wani gidan abinci da ke saman bene, kusa da tashar mota. Tebur bakwai ne kacal, fanka ɗaya, mai wurin wani mutum ne mai ƙiba da ke kiran kowa "ɗan'uwa". Miyar kifi suke yi da albasa da tafarnuwa, a kawo maka ita tana tururi tare da ƙananan burodi guda biyu. A bakin matakala Yaya ya ja birki.

"Mai mata ba ya cin abinci a waje," in ji shi.

"Yau ka ci, ni zan yi wa Anti bayani."

Ashe rabonsa da zama a gidan abinci tun yana saurayi. Ya zauna a takure kamar wanda ya zo neman aiki. Da miyar ta iso ya ɗanɗana sau ɗaya, sau biyu, sai na ga ya naɗe hannun riga. Bai sake ɗagowa ba sai da kwano ya yi fes. Ya goge gumi ya ce, "Auta, dama haka kike shan daɗi ke kaɗai duk shekarun nan? Allah ya isa kuɗin makarantar da na biya."

Na yi dariya har na ƙware. A nan na san ya huce.

Muna saukowa ya ce, "Amma burodin nasu bai kai miyar ba." Na ce haka ne, shi ma mai wurin ya sani, sayowa yake yi.

Asabar ta gaba ma ya zo, da ta bayanta. Muka ci taliya a wani wuri da ta yi gishiri har muka sha ruwa kwalba uku. Muka ci gasasshiyar kaza a gefen wani garejin motoci, a kan benci, Yaya yana ta mita a kan ƙudaje yana kuma ƙara yanka. Muka shiga wani wurin shayi na zamani inda aka kawo mana biskit guda ɗaya tak a kan faranti mai faɗin tire, Yaya ya tambayi mai kawowa ko sauran sun zube a hanya ne. Ban taɓa sanin yana da barkwanci haka ba. Ni a sanina Yaya mai duba katin jarrabawa ne.

Wurin da na fi so na bar shi sai ƙarshe, don ina tsoron abin da zai yi masa. Wani lungu ne a bayan ma'ajiyar katako, ba allo, ba gilashi. Ƙofa ce kawai mai shuɗin fenti, da taga da ake miƙo burodi. Wata tsohuwa ke yi, kowa Iya yake ce mata. Burodi iri ɗaya take gasawa, in ya ƙare ta rufe tagar, ko da ƙarfe goma na safe ne.

Muka samu saura uku. Na karɓi ɗaya da ɗuminsa, muka tsaya a inuwar katako na ɓare shi biyu. Ɓawon ya yi ƙara, tururi ya tashi. Yaya ya kai hanci, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Bai ɗauko rula ba, bai buɗe littafi ba. Can ya ce, a hankali, "To. Yanzu na ji abin da kike faɗa."

Sai ya buɗe jakarsa. Ashe duk yawon nan da muke yi yana ɗauke da burodinsa guda a leda, kowace Asabar sabo. Ya koma tagar ya yi sallama.

"Iya, don Allah ki duba mini wannan. Ni na yi."

Tsohuwar ta leƙo. Ƙarama ce, hannayenta kuwa kamar na maƙeri. Ta karɓa ta jinjina, ta ɓare, ta shinshina. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

"Ɗan nan, wa ke korarka?"

"Na'am?"

"Na ce wa ke korarka? Ka zuba yis kamar na gidan mutum goma don ya tashi da wuri. Bai gama tashi ba ka jefa shi a wuta. Wutar ma ka cika ta, waje ya yi ja ciki bai nuna ba. Minti nawa kake ba kwaɓin?"

"Arba'in da biyar. Haka aka rubuta."

"Wa ya rubuta? Ya san zafin ɗakinka? Ya san fulawarka? Ranar sanyi ma arba'in da biyar, ranar zafi ma arba'in da biyar?"

Yaya ya ce e. Iya ta dube ni ta ce, "Mijinki ne?" Na ce yayana ne. Ta ce, "To Allah ya ba matarsa haƙuri."

Na ɗauka zai fusata. Mutumin da ya yi kwana takwas bai kula ni ba saboda magana ɗaya. Sai na ga ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Iya, shekara ashirin da shida ina aiki da inji. In na danna, ya tashi. In na ce ya tsaya, ya tsaya. Ban san wani aiki ba."

Ta dube shi. Ta ce, "Ni ba na koyarwa, ban da bakin bayani. Amma in kana da ido, ka zo jibi da sassafe ka tsaya a gefe. Kada ka taɓa mini komai. Kuma ka bar agogon nan a gida."

Ya je. Kwana uku a mako yana rufe shago yana tafiya lungun. Anti ke ba ni labari a waya, tana dariya. Ranar farko bai taɓa komai ba, sai shara da ya yi mata ba ta sa shi ba. Rana ta biyu ya lura ƙofar obin ɗinta ba ta rufuwa sosai, shekara da shekaru da tsumma take toshewa. Ya roƙe ta ta bar shi ya gyara. Ta ce in ya lalata mata sai ya saya sabo. Ya gyara. Daga ranar ta bar shi ya sa hannu a kwaɓi. Takan kama yatsansa ta danna a kai ta ce, "Ka ji? Bai shirya ba." Bayan an jima ta sake kamawa: "Yanzu fa?"

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Gwajinsa na farko a shago ya bar kwaɓin ya wuce lokaci, burodin ya kumbura ya faɗa ciki kamar hular da aka zauna a kai. Ya kira ni na zo na gani, muka tsaya muna kallonsa. Ya ce, "Da na yi sauri, yanzu na yi nawa." Na ce aƙalla wannan yana da ƙamshi. Na biyu ya yi tsami. Na uku ƙasan ya ƙone. Akwai ranar da ya ce shi ya gaji, zai sayar da obin ɗin ya nemi aikin gadi. Anti ta ce to, amma ya bari sai buhun fulawar da ke ƙasa ya ƙare, kada a yi asara. Kafin buhun ya ƙare maganar gadi ta bi iska.

Shi da Iya kuwa kullum sai sun yi musu. Ita da tafin hannu take awo, shi ya ce hannun yau ba na gobe ba ne. Wata rana ya faki idonta ya ɗora abin da ta ɗebo a kan sikelinsa, kwana uku a jere. Ya zo mini da mamaki ya ce, "Auta, gishirin matar nan ko ƙwaya ba ya bambanta. Ido ba mudu ba, amma hannunta sikeli ne." Da 'yar Iya, wadda ke aiki a wani gari, ta ji labari, sai ta roƙe shi ya rubuta mata duka, don uwar ba ta taɓa iya gaya mata adadin komai ba. Ya rubuta da kyakkyawan hannun nan nasa, shafi huɗu. Iya ta sa aka karanta mata, ta ce, "Duk daidai ne, amma wanda ya bi takardar nan kaɗai irin naka na da zai yi."

Bayan wata biyu ya rage kala shida zuwa biyu: babba na yanka, da ƙanana masu zagaye. Wata Alhamis da yamma ya aiko a ce in biyo ta shago. Na tarar ya ajiye ƙaramin burodi ɗaya a faranti, ya ja gefe ya harɗe hannu.

Na ɓare. Na shinshina. Na ci.

"Gaskiya nake so," in ji shi. "In kika sake yi mini ƙarya ban yafe ba."

"Ɓawon ya yi. Cikin ya yi laushi, ba ya manne wa baki. Bai kai na Iya ba."

"Wannan na sani. Ita shekara arba'in ta yi tana yi."

"Kuma gishiri ya ɗan gaza."

"Gishirin daidai yake."

"To."

Ya ɗauki ragowar ya ci, ya tauna yana kallon silin. Ya ce, "Kaɗan ne ya gaza." Sai ya juya baya yana gyara tire, amma na ga kafaɗarsa ta sauka.

Tun ina wurin mai wankin kaya ya shigo ya sayi biyu, ya ce matarsa ce ta aiko shi, ta ce irin na jiya. Wata malamar makaranta ta zo ta ɗauki babba. Ba cunkoso ba ne, kada in yi ƙari. Amma fuskokin da na gani Yaya ya san su, yana gaishe su yana tambayar yara.

Washegari ya zuba ƙanana goma sha biyu a kwando, ya lulluɓe da farin ƙyalle, ya hau mota shi kaɗai zuwa gidan abincin nan na saman bene. Bai gaya wa kowa ba sai da ya dawo. Ya ce ya samu mai wurin ya ce masa, "Ɗan'uwa, miyarka ta fi ƙarfin burodinka. Ga nawa, ka gwada, in bai yi ba ka faɗa mini a fuskata, na saba." Mutumin ya tsoma ɗaya a miya ya ci a tsaye, ya ce a fara kawo masa kullum na mako guda, a ga abin da masu ci za su ce. Mako ya wuce bai ce a daina ba.

Yanzu ranar Asabar Yaya yakan gama gashi da wuri, ya bar wa babbar 'yarsa shago, mu fita mu uku, don Anti ta ce ba za a ƙara barinta a gida tana jin labarin kifi ba. Makon jiya muka gwada wani sabon wuri kusa da gidan mai, miji da mata ne suka buɗe, ko fentin bango bai gama bushewa ba. Shinkafa da kaza muka ce a kawo. Kazar ta yi daɗi, shinkafar kuwa da sauranta, tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Matar ta zo da murmushi tana murza hannu ta ce, "Yaya kuka ji abincin?"

Ni da Anti muka haɗa baki: "Madalla, an gode."

Tana juyawa Yaya ya ture kujera zai miƙe. Anti ta riƙe masa riga. "Malam, zauna. Ba ruwanka."

"Sakar mini riga. Mutanen kirki ne, kuma kazarsu ta yi. Ba zan kunyata ta a gaban mutane ba, daga gefe zan faɗa mata."

Ya bi ta har ƙofar kicin. Muna hango shi yana magana a hankali, hula a hannu. Fuskar matar ta canza, ta kira mijin, mijin ya ɗebo shinkafar a cokali ya ɗanɗana. Ni dai na fara neman jakata don in an koro mu kada in manta ta. Sai muka ga an jawo wa Yaya kujera. Ya fi minti ashirin a can, har da dariya.

Da ya dawo yana riƙe da faranti, da kek yanki uku a kai.

"Sun ce mu ɗanɗana wannan ma, gobe suke so su fara sayarwa." Ya tura farantin gabana. "Auta, fara. Anti, miƙo mata cokali."